Kyanwoyin da Suka Ajiye Allura

A shekarar 2009 wata mujallar likitocin dabbobi, wadda ta keɓanta da lafiyar kyanwa, ta buga rahoto a kan wasu kyanwoyi 55 masu ciwon suga. Ba a asibiti aka kwantar da su ba. Kowacce tana gidan mai ita a Jamus, tana sharar barcinta a kan kujera, tana hawa taga yadda ta saba. Masu su ne suke yi musu allurar insulin safe da yamma, su huda musu gefen kunne su auna sugan jini, su rubuta abin da suka gani. Da aka zo lissafi, sai ga 35 daga cikinsu sun daina buƙatar allurar gaba ɗaya, jininsu ya koma irin na lafiyayyar kyanwa.

Sunaye biyu ne a kan rahoton. Ɗaya Farfesa Jacquie Rand ce, a lokacin likitar dabbobi a Jami'ar Queensland da ke Brisbane, ƙasar Ostireliya. Ɗayar kuwa Kirsten Roomp, wadda ko kusa ba likitar dabbobi ba ce. A lokacin aikinta shi ne nazarin bayanan halittu da kwamfuta a Cibiyar Max Planck da ke Saarbrücken a Jamus. Tsakanin matan biyu akwai tazarar fiye da kilomita 15,000. Abin da ya haɗa su tambaya ɗaya ce: in aka tare ciwon da wuri, aka kuma matsa masa lamba, kyanwa nawa za su rabu da allura?

A wancan lokacin, in likita ya ce kyanwarka tana da ciwon suga, abin da za ka ɗauka shi ne allura ta zama abokiyar zamanta har mutuwa. Alamomin ciwon ba ɓoyayyu ba ne. Za ta dinga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, fitsari ya yawaita, tana ci ba ƙoshi amma tana ramewa. In abin ya daɗe, jijiyoyin ƙafafun baya su raunana, ka gan ta tana taka ƙasa da dunduniya maimakon 'yan yatsu, tsalle ya gagare ta. A Birtaniya an ƙiyasta cewa kusan kyanwa 1 cikin 200 tana da ciwon. Muzurai sun fi mata kamuwa, mai ƙiba ta fi siririya, haka kuma jinsin da ake kira Burmese a Ostireliya da Birtaniya. Da yawa ba su ma kai ga allurar. Wani binciken jin ra'ayin likitocin dabbobi da aka buga a 2017 ya nuna cewa kusan dabba 1 cikin 10 masu wannan ciwo, karnuka da kyanwoyi, ana yi musu allurar mutuwa tun ranar da aka gano shi, saboda masu su na ganin ba za su iya ɗawainiyar ba.

Likitoci sun daɗe da sanin cewa jefi-jefi akan samu kyanwar da ciwon ya sake ta, amma sun ɗauke shi a matsayin sa'a. Kare kuwa, in ya kamu, da wuya ya rabu da allura. Bambancin yana cikin wata gaɓa mai suna fankiriyas, wadda ke kwance kusa da tumbi. A cikinta akwai 'yan ƙwayoyin halitta da ake kira beta, su ne suke ƙera insulin, sinadarin da ke buɗe wa suga hanya ya bar jini ya shiga tsoka. A jikin kare mai ciwon suga, akasari ƙwayoyin sun riga sun hallaka. A jikin kyanwa kuwa, kamar yadda yake a jikin mutum mai nau'i na biyu na ciwon, da yawansu suna nan da rai, gajiya ce ta kama su.

Kamannin ciwon kyanwa da na mutum har ya wuce haka. Tun a 1901 wani likita Ba'amurke, Eugene Opie, ya ga wani daskararren abu a fankiriyas ɗin mutanen da ciwon suga ya kashe. An shafe fiye da shekara 80 ba a san mene ne ba. Sai a 1987 Per Westermark na ƙasar Suwidin, tare da Kenneth Johnson da Timothy O'Brien na Jami'ar Minnesota, suka nuna cewa wani sinadari ne, wanda yanzu ake kira amilin, yake dunƙulewa a wurin, kuma a jikin mutane da na kyanwoyi masu ciwon suka same shi. Ɓera, wanda masana suka fi yin gwaji da shi, nasa amilin ɗin ba ya dunƙulewa. A wannan fanni mage ta fi ɓera kusanci da mu.

Ga yadda gajiyar take. Ƙiba da rashin motsi suna sa jiki ya daina jin insulin sosai, sai ƙwayoyin beta su ƙara ƙaimi. In suka gaza, suga ya taru a jini. Shi kuma sugan, in ya yi yawa ya daɗe, guba ne ga ƙwayoyin, sai ya ƙara durƙusar da su, su rage aiki, sugan ya ƙara hawa. In aka sauke sugan da wuri aka riƙe shi a ƙasa, ƙwayoyin sukan huta su farfaɗo. In aka bar shi wata da watanni, su mutu, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. Don haka tseren da lokaci ake yi.

Abu na farko da ya fara sauya lissafin shi ne kwanon abinci. Shekara da shekaru ana ba kyanwa mai ciwon suga irin cimar da aka tsara wa mutum da kare, mai yawan dusa da sitaci daidai gwargwado. Amma mage maciyar nama ce tsantsa. Kakanta muzurun daji ne na Afirka da Gabas ta Tsakiya, wanda ya matso kusa da mutane saboda ɓerayen rumbu, ba saboda hatsin ba. Masana a Holan sun lissafa a 2011 cewa kyanwar da ke ciyar da kanta da farauta, kashi 52 cikin 100 na kuzarinta daga furotin yake fitowa, kashi 46 daga kitse, sitaci kuwa kashi 2 kacal. A 2005 masu bincike a Cibiyar Monell da ke Philadelphia suka gano cewa harshenta ma ba ya jin zaƙi. Busasshen abincin kyanwa na buhu kuwa, sitacinsa yakan kai kashi 30 ko fiye, domin sai da sitaci injin ke iya dunƙula shi.

A 2006 wani ayarin likitoci a Amurka, ciki har da Deborah Greco da Mark Peterson, suka raba kyanwoyi 63 masu ciwon gida biyu. Kashi ɗaya aka ba su abincin gwangwani mai sitaci kashi 26 da dusa mai yawa, ɗaya kashin kuma mai sitaci kashi 12. Bayan mako 16, kashi 41 cikin 100 na rukunin farko sun ajiye allura, na biyu kuwa kashi 68.

Abu na biyu shi ne irin insulin ɗin. Jikin kyanwa yana saurin cinye insulin, don haka tsofaffin nau'o'in sukan ƙare tun kafin lokacin allura ta gaba, sugan ya sake tashi na tsawon sa'o'i. A shekarar 2000 aka amince da wani sabon nau'i don mutane, mai suna glargine, wanda ake sayarwa da sunan Lantus, yana narkewa a hankali a ƙarƙashin fata. A Brisbane, Farfesa Rand da wani likitan kyanwoyi, Rhett Marshall, suka gwada shi a kan kyanwoyi 24 da ba a daɗe da gano ciwonsu ba, dukkansu a kan abinci mai ƙarancin sitaci. Takwas aka ba su glargine, sauran aka raba musu tsofaffin nau'o'i biyu, takwas-takwas. A cikin mako 16, rukuni ɗaya ya samu biyu da suka rabu da allura, ɗayan ya samu uku. Na glargine kuwa duk takwas ɗin.

Takwas adadi ne kaɗan, kuma a hannun ƙwararru aka yi. Masu kyanwoyin Jamus su ne suka kai abin cikin ɗakin girki da falo. Tsarin da Roomp da Rand suka shimfiɗa musu ba wasa ba ne. Abinci jiƙaƙƙe, mai ƙarancin sitaci ƙwarai. Allura sau biyu a yini. Gwajin jini aƙalla sau uku a yini, da irin na'urar da mutane masu ciwon suga suke amfani da ita. Akan ɗumama kunnen kyanwar tukuna don jini ya taho, a huda siririyar jijiyar da ke bin gefensa, ɗigo ɗaya ya isa. Yawancin kyanwoyi sukan saba, musamman in sun gane cewa bayan hudar akwai ɗan guntun nama.

Yin gwajin a gida yana da dalili. Kyanwa dabba ce mai tsoro. Saka ta a kwando, ƙarar mota da warin karnuka a asibiti kaɗai sun isa su ɗaga sugan lafiyayya ya kai na mai ciwo. Lambar da aka samu a teburin likita tana iya zama ta firgici. Wadda aka samu tana kwance a cinyar mai ita ta fi kusa da gaskiya.

Da waɗannan lambobi ake ƙara insulin ko a rage, rubu'in awo ko rabin awo a lokaci guda. Awo ɗaya na glargine kashi ɗaya ne cikin ɗari na mililita, to ka ƙiyasta rubu'insa: ɗan ɗigo ne da sai an ƙura wa sirinji ido. Burin shi ne a riƙe sugan tsakanin 2.8 da 5.5 a ma'aunin milimol, wato inda na lafiyayya yake. Nan ne likitoci da dama suka yi ɗari-ɗari, kuma suna da hujja. Suga in ya yi yawa a hankali yake kisa, in ya faɗi ƙasa kuwa cikin sa'o'i: kyanwa ta fara tangaɗi, ta faɗi tana shure-shure, in ba a shafa mata zuma a dasashi an garzaya asibiti ba, ta tafi. Haɗarin ya fi girma a daidai lokacin da sauƙi ya fara samuwa, domin fankiriyas ya farka yana zuba nasa insulin a kan na allura. Mai aunawa kullum zai ga lambobin suna sauka ya rage. Wanda ba ya aunawa zai ci gaba da zuba awon jiya a jikin da ba ya buƙatarsa. A cikin kyanwoyin 55, sau ɗaya tak aka samu wadda ta nuna alamar faɗuwar suga, ita ma ba mai tsanani ba.

Sakamakon ya zo da wani rabe-rabe da ya fi jimillar muhimmanci. Kyanwoyin da aka ɗora a kan tsarin kafin a cika wata shida da gano ciwonsu, kashi 84 cikin 100 sun rabu da allura. Waɗanda aka fara bayan wata shida, kashi 35.

Ba kowa ne ya samu irin wannan adadi ba. A Zurich, Eric Zini da Claudia Reusch sun bi diddigin kyanwoyi 90, suka ga rabi ne suka ajiye allura. A 2014 masana a kwalejin likitocin dabbobi ta Landan suka tace duk binciken da aka yi kan batun, suka ce hujjojin ba su yi ƙarfin da za a ce wani insulin ko wani tsari shi ne gwani ba. Mutanen Jamus ɗin ma su suka kawo kansu, masu naci ne da ba su ƙi tashi tsakar dare su auna jini ba, kuma ba a kwatanta su da wani rukuni ba. Akwai kuma kyanwoyin da ko me aka yi ba za su rabu da allura ba. Wani bincike na 2015 a Birtaniya ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kyanwoyi masu ciwon suga, wani ƙari ne a ƙasan ƙwaƙwalwarsu yake zuba sinadarin girma, shi ne yake hana insulin aiki. Duk da haka tunanin likitoci ya juya. Yau in aka kawo kyanwar da ciwon bai daɗe da kama ta ba, abin da ake hari tun ranar farko shi ne a raba ta da allura.

Ƙa'idar ita ce, in kyanwa ta yi mako huɗu ba insulin kuma suganta yana daidai, sai a ce ciwon ya lafa. A nan ne masu kyanwa da yawa suke sakin jiki, su jefa na'urar gwaji a aljihun tebur, su koma sayen abincin buhu mai araha. Mutanen Brisbane suka so su san ainihin abin da ke faruwa a jikin irin waɗannan kyanwoyi. Susan Gottlieb, tare da Rand da Marshall, suka samo guda 21 da suka ajiye allura, suka ɗura musu suga ta jijiya, suka zauna suna kallon tsawon lokacin da jiki zai ɗauka kafin ya share shi. A rahoton da suka buga a 2015, guda 16 sun kasa share shi a kan lokaci. Aka bi 20 daga cikinsu tsawon wata tara, shida suka koma kan allura. Waɗanda sugansu ya kai 7.5 ko fiye alhali ba su ci komai ba, su ne suka fi komawa. Ashe ciwon bai tafi ko'ina ba, kwanciyar mage ya yi, mai ɗaukar rai.

Ke nan aikin da ke bayan allura shi ne a hana ragowar ƙwayoyin beta sake gajiya, kuma mafi yawansa a kwano yake. Abincin da ya kawo sauƙin shi za a ci gaba da bayarwa har ƙarshen rai: jiƙaƙƙe, sitacinsa kada ya wuce kashi 12 na kuzari. Kamfanoni ba su cika rubuta yawan sitaci a jikin gwangwani ba, sai mutum ya haɗa furotin da kitse da ruwa da toka da dusa, ya debe daga 100, abin da ya rage shi ne sitacin, a lissafin nauyi ba na kuzari ba. Masu romo mai kauri abin lura ne, don sau da yawa da sitaci ake kaurara shi. In gidan akwai wasu kyanwoyi ko kare, sai an raba wurin ci, in ba haka ba za ta ci nata ta zagaya kwanon maƙwabci.

Wanda zai dafa mata da kansa, kamar yadda zai fi sauƙi a garuruwanmu inda abincin gwangwani yake da tsada, ya san cewa tsokar nama zalla ba ta wadatar ba, tana buƙatar sinadarin ƙashi da taurin, wanda rashinsa ke lalata mata zuciya da ido. Hanta in ta yi yawa tana cutarwa. Albasa da tafarnuwa suna fasa mata ƙwayoyin jini, don haka miyar gida ba tata ba ce. Ragowar tuwo da shinkafa da burodi kuwa, su ne ainihin abin da ake gudu. Gara a zauna da likitan dabbobi a tsara abin.

Sai nauyi. Mai ƙiba dole ta rage, amma a hankali, kamar rabin kashi zuwa kashi 1 cikin 100 na nauyinta a mako. Ga kyanwa mai kilo 6, giram 30 zuwa 60 ke nan, abin da sai sikelin jarirai ne zai nuna. Ba a sa ta yunwa. Kyanwa mai ƙiba in ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, kitse yakan mamaye hantarta, kuma hakan yana kisa.

Akwai abin da ke tayar da ciwon ko da abinci na daidai. Na gaba-gaba su ne magungunan sitiroyid da ake bayarwa don ƙaiƙayi, asma ko kumburin hanji. Allura ɗaya mai daɗewa a jiki tana iya rushe aikin watanni. Duk likitan da zai duba ta, a fara gaya masa tarihinta. Ciwon haƙori, kumburin fankiriyas da cutar mafitsara su ma suna ɗaga suga, sai a yi maganinsu da wuri.

Gwajin kunne kuma ba a daina shi, ragewa ake yi. Likitoci da dama suna cewa a auna duk mako a watannin farko, daga baya a tsawaita tazara. Takardar gwajin fitsari tana taimakawa, sai dai makararriya ce, domin suga ba ya zubowa a fitsarin kyanwa sai na jini ya haura wajen 14. Akwai gwajin furuktosamin a asibiti, mai nuna yadda sugan ya kasance a mako ɗaya ko biyu da suka wuce, wanda firgicin rana ɗaya ba ya ruɗa shi. Akwai kuma 'yar na'urar FreeStyle Libre da ake manna wa a fata bayan an aske gashi, tana karanta suga dare da rana har zuwa kwana 14, in kyanwar ba ta ɓanɓare ta ba. In ciwon ya dawo, a koma insulin nan da nan, don wasu sukan sake samun sauƙi karo na biyu. Ƙwayar maganin sugan kyanwa mai suna Bexacat da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a Disambar 2022 ba ta wannan kyanwar ba ce, domin an hana bai wa wadda ta taɓa karɓar insulin.

Likitocin mutane ma sun iso wannan wuri ta tasu hanyar. A 2017 Roy Taylor na Newcastle da Mike Lean na Glasgow suka buga sakamakon gwajin DiRECT, inda masu nau'i na biyu na ciwon suga, waɗanda bai wuce shekara shida da kama su ba, suka rage ƙiba ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya. Bayan shekara ɗaya kashi 46 cikin 100 suna lafiya ba magani. Bayan shekara biyu adadin ya sauko 36, kuma waɗanda ƙibar ta dawo musu su ne ciwon ya fi komowa. A mutum da mage, ba wanda ya ajiye magani don jin jikinsa ya yi daɗi. Gwaji ne ya ba da izini, likita yana kallo.

Shi ya sa gidan da kyanwarsu ta ajiye allura ba su rabuwa da abu uku: sikeli, na'urar gwaji da takardunta waɗanda kwanansu bai ƙare ba, da littafin rubuta lambobi. Ƙishirwa da rama sai ciwon ya yi nisa suke bayyana, lokacin wasu ƙwayoyin sun riga sun sake durƙushewa. Wanda ya auna da safe kafin ta ci, ya ga 8 yau, ya sake ganin 8 gobe, ranar ya kamata ya kira likita.